Lallen Hannu Biyu

Ni ce na ce a yanke ta. Gara in faɗi wannan tun da farko, kada wani ya ɗauka Baffa ne kaɗai mai laifi.

Shekarar da na gama sakandare ke nan, ina gida ina jiran sakamako, ba aikin fari ba na baƙi sai gardama. Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, ko'ina gini ake yi. Baffa, yayan babanmu, an dawo da shi aiki daga Kano, ya kama gida a unguwar Takur. Gidan da falo, falon da kujeru, bangon kuwa fayau. Abokan aikinsa kowa ya rataye hoton tsohonsa a bango, shi ba shi da abin ratayewa. Sai ya tuna da takardar da ke ƙasan akwatin Inna.

Inna ita ce kakarmu, wadda ta haifi Baffa da babanmu. Takardar kuma zanen iyayenta ne, su biyu. Wata Baturiya ce ta zana su, matar wani Bature mai yawon rangadi, a farkon zuwan Turawa ƙasar nan. Lokacin iyayen Inna ba su daɗe da ajiye sandar kiwo sun kama fartanya ba, sun yi sabon zama a bayan Buji, bukka biyu da rumbu a tsakiyar saura, ba maƙwabci. Ba hoton kyamara ba ne, aikin hannu ne, da launi irin wanda ake jiƙawa da ruwa. An ce biyu ta zana, ta tafi da ɗaya ta bar musu ɗaya. Inna ko cikinta ba a yi ba a lokacin.

Akwai abin da ya kamata a sani game da Inna da Baffa. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Mutum da furfurarsa, da mota da direba, amma in ya durƙusa ya gaishe ta, bango take amsa wa. In tana da saƙo sai ta ba duk wanda ke kusa, ko da kaza ce. "A gaya wa mutumin Takur akwai fura a ƙwarya." Yana zaune a gabanta fa. Ni a lokacin abin haushi yake ba ni, ina ganin ɓata lokaci ne kawai.

Ranar Laraba da yamma Baffa ya zo. Ta hannuna ya roƙi takardar, ta hannuna kuma Inna ta miƙa ta, a naɗe cikin wani tsohon saƙi. Muka shimfiɗa ta a kan tabarma a tsakar gida. Ranar na fara ganinta.

Faɗinta bai wuce faifai ba. Mutum biyu ne zaune a tabarma ɗaya, bayansu dangar kara da inuwar wata bishiya. Namijin na dama, siriri, dogon wuya, cikin farar riga mai faɗi da ta sha jiki. Ya haɗe gira, ya kafa wa ƙasa ido kamar ta yi masa laifi, hannunsa na dama a dunƙule bisa gwiwa. Matar na hagu, da baƙin zane da ɗan mayafi, ta karkace ta ba shi kafaɗa, ta kau da fuska, ta datse leɓenta na ƙasa da haƙori. Tsakaninsu fili ne da mutum na uku zai zauna ya miƙe ƙafa. Gefen matar kuma gara ta yi masa ɓarna, daga bayan kafaɗarta har gindin zane duk huji ne, bakin takardar ya zama kamar ganyen da fara ta ci.

Baffa ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa a filin da ke tsakaninsu. Ya ce, "Wannan gefen ya riga ya tafi. A datse daga nan, a bar Malam shi kaɗai, a sa a gilashi. Zai fi tsabta." Sai ya juyo gare ni. "Ke 'yar boko, me kika gani?"

Ba a tambayata sau biyu. Na ce, "Baffa, ai abin a fili yake. Labarin zuciya a tambayi fuska. Waɗannan faɗa suka yi. Dubi hannunsa, kamar mai shirin kai naushi. Ita kuma dubi yadda ta juya, ko inuwarsa ba ta son gani. In ka raba su ma taimakonta ka yi. A yanke kawai."

Baffa ya yi dariya, ya ce boko bai faɗi ƙasa banza ba. Ya ce yana da tafiya, amma ranar Asabar zai zo ya ɗauka ya kai wa mai sa gilashi. Inna ta miƙo hannu. Ta naɗe takardar a hankali, kusurwa bayan kusurwa, ta shige ɗaki. Tuwon da aka kai mata haka aka fito da shi.

Washegari ma ba ta kula ni ba. Mu da muke kwana muna tsokanar juna, ni in ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, ita ta ce mini uwar gaggawa. Na gaishe ta, ta amsa kamar ta ga baƙuwa. Zuwa hantsi na gaji, na tsaya a ƙofar ɗakinta na ce, "Inna, in fushi kike ki faɗa. Ni abin da idona ya gani na faɗa."

Tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Idonki. To. Akwai lalle a ƙullin nan da ke rataye. Daka ki tankaɗe ki kwaɓa."

"Biki ake yi?"

"Ƙunshi za ki yi. Hannu biyu, yanzu, a gabana. Kada kowa ya taɓa ki."

Na so in yi musu, sai na ga in wannan ne kuɗin shiri ai da sauƙi. Na daka, na tankaɗe, na kwaɓa. Ta hana ni leda, ta ce da ganye da tsumma, yadda ake yi a da. Na zauna a gindin dabinon gidanmu na fara da hagu. Na shafe tafin da yatsun har wuyan hannu, na rufe da ganye, na naɗe da tsumma, na ja ƙullin da haƙori. Ko minti goma ban yi ba. Na ɗaga mata hannun ina taƙama.

Ta ce, "Saura ɗaya."

Nan ake yin ta. Hannun hagu ya zama dungu, ba yatsa ko ɗaya a waje. Na tsoma na daman a kwano, lallen ya kama inda ya ga dama. Na ɗauko ganye da baki, ya faɗi. Na danne shi da gwiwa, ya zame. Na ciji tsumma na fara naɗawa, lalle ya shige mini baki, ɗaci har ƙwaƙwalwa. Haɓata ta samu, zanena ya samu, har akuyar Inna da ta zo leƙe ta samu a kunne. Inna na tsince wakenta.

Na tofar na ce, "Wai wannan wane irin horo ne? Ai ba mahaluƙin da zai ƙunsa wa kansa hannu biyu!"

Ta ce, "Af. Ashe?"

Ta ajiye faifan, ta matso, ta kama hannun nawa. Da yatsa uku ta gyara lallen, babban yatsa da biyun da ke biye da shi, ta bi tsakanin yatsuna tana dannawa, ta naɗe ta ɗaure tsaf. Ba ta wanke hannunta ba, ta koma ta zauna ta bar shi haka. Ni kuma ga ni da dungu biyu, ba halin tashi, ba halin ko korar ƙuda. Muka yi ta zama har rana ta take tsaka. Sannan ta goge yatsunta da tsumma, ta shiga ɗaki ta fito da takardar, ta shimfiɗa a gabana. Ta ɗora hannunta na dama kusa da ita. Kan yatsun nan uku sun yi ja.

Ta ce, "Yau ba ki da yatsan nuni. Kalla da ido."

Na kalla. Gaskiya ranar Laraba fuskokin kawai na duba, na yanke hukunci na wuce. Yanzu da ba inda za ni, sai na gangara ƙasa. Hannuwan matar na kan cinyarta, ɗaya bisa ɗaya, dukansu jawur har wuyan hannu. Ja iri ɗaya, ba wanda ya fi wani nuna. Ba ta tura su cikin mayafi ba, ta baje su a kan baƙin zanen inda ko makaho zai lura. Na koma kan dunƙulen hannun mijin. Kan babban yatsansa, wanda ya kwanta a waje, ja ne. Gefen manunin da ya leƙo daga ƙarƙashinsa ma ja ne. Ranar Laraba na ga jan nan, na ɗauka launi ne ya ɗiga wa mai zanen.

Na dubi yatsun Inna, na dubi nasa.

Amma ni ba a kayar da ni da sauƙi. Na ce, "Ai tana iya yin ɗaya yau, ɗaya gobe."

"Tana iyawa. Shi kuma nasa yatsun, jinya suka yi?"

"Maza ma ai suna sa lalle da aure."

"Ango hannu yake tsomawa gaba ɗaya, ba kan yatsa ba. Kuma aurensu ya kwana biyu a lokacin. Ke, a dajin nan ba uwa, ba ƙanwa, ba maƙwabciya. Daga shi sai ita sai tumaki. Ko tunkiya ce ta ƙunsa mata?"

Na koma kallon takardar.

Inna ta ce in tuna irin taron da ke wurin. Bature ba ya tafiya shi kaɗai. Ga dagaci da mutanensa, ga tafinta, ga masu ɗaukar kaya, ga 'yan kallo da suka biyo sahu daga ƙauyuka. A gaban duk waɗannan aka ce miji da mata su zauna a tabarma ɗaya, abin da ko a gaban ɗan cikinsu ba za su yi ba, kuma su daɗe a haka ba motsi. Filin nan da na ce faɗa ne, iyakar nisan da tabarmar ta ba su ke nan. Da ta fi haka tsawo da sun fi haka nisa. Shi kuma ga shi da shaida a hannu. Namijin da aka ji yana yi wa matarsa ƙunshi, a zamanin nan, ai ya shiga bakin 'yan kasuwa har ya mutu.

Na ce, "Shi ya sa ya dunƙule."

Ta ce, "Dubi rigar."

Na duba. Riga ce mai faɗin hannu, ta zubo masa har ƙasa.

"Da ɓoyewa yake so, sai ya ja hannun ciki, ko Baturiyar ba za ta gani ba. Ya dunƙule don idon maza. Amma a kan gwiwa ya bar shi, ta gefen da take."

Na sake kallon fuskar tasa. Haɗe girar na nan, ba ta tafi ko'ina ba, sai dai yanzu na ga ba da kowa yake fushi ba, mutum ne da ya ƙudurta zai jure wa wani abu har a gama. Ita kuma, fuskar ta kau da gaske, amma ƙwayar idon ba ta bi fuskar ba. Ta maƙale a kusurwa, tana gangarowa daidai gwiwarsa. Kumatunta na wannan gefe ya ɗan tasa. Na san wannan cije leɓen. Shi muke yi a aji in malami ya shigo da alli a gemu, kowa ya gani, ba mai ikon yin dariya.

Na ce, "Inna, dariya take dannewa!"

Ta ce, "Haka nake zato. Wata rana in na duba in ga dariya, wata rana in ga kamar tsoro take ji kada a tozarta shi saboda ita. Mace na iya riƙe biyun da leɓe ɗaya. Ni ban san muryarta ba, balle dariyarta."

Ranar na ji abin da ban taɓa tambaya ba. Inna na goye uwarta ta rasu. Mahaifinta bai taɓa ambatonta ba, ko sau ɗaya, har ya koma ga Allah. Tana yarinya ta tsinci takardar a gafakarsa, ta duba a ɓoye, ta ga abin da na gani ranar Laraba, ta tashi da shi a ranta cewa ubanta bai so uwarta ba. Shekaru tana ɗauke da wannan. Sai ranar nata lallen aure, goggonta ta gama ƙunsa mata ta ɗaga hannu, Inna ta ga kan yatsunta. Ta ce a cikin lulluɓi take, ana ta guɗa, ita kuwa hankalinta na kan gafaka. Daga baya ta tambayi goggon, goggon ta yi dariya har da riƙe ciki ta ce, sai yau kika gani? Ai har ya tsufa abokan wasansa ba su daina miƙa masa zungurun ƙunshi ba.

Na daɗe ina tunanin Baturiyar nan. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Fulatanci, ina kyautata zaton ba ta san me jan yatsan ke nufi ba. Tana iya gyara su, ta matso da su kusa, ta buɗe musu fuska yadda mutanenta za su so. Ba ta yi ba. Ta ga ɗan ja a kan yatsa, ta koma cikin launin da ta haɗa wa hannun matar ta ɗiga masa. Ni da na tashi a cikin abin, na yi aji shida, na kalla na ce naushi.

Na ce, "To me ya hana ki gaya wa Baffa tun ranar?"

Ta dube ni kamar na ce ta fita kasuwa ba mayafi. "In buɗe baki in yi wa wancan zancen lallen uwata? Ke dai ba ki da ta ido." Ta fara kwance mini tsumman. "Ke Allah ya ba ki baki ba ƙyaure. Kin yi ɓarna da shi, sai ki yi gyara da shi."

Ranar Asabar da hantsi Baffa ya iso. Ya gaida bango, bango ya amsa. Na fito da takardar da kaina, hannuwana jawur, na ce, "Baffa, maganar da na yi ranar nan shirme ce. Ba za a yanke ba."

Ya ce, "Ikon Allah. Jiya-jiya ke ce alƙali, yau kuma ke ce mai ɗaukaka ƙara?"

Na shimfiɗa, na nuna masa hannayenta, na nuna masa yatsan, na faɗa masa komai ba kwana-kwana. Yana saurare, fuskarsa na sauyawa. Da na kai ƙarshe ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa takardar.

"Malam ɗin? Kakanmu? Mutumin da in ya yi gyaran murya muke neman wurin ɓuya?"

"Shi fa."

"Ƙunshi?"

"Da yatsa uku."

Ya miƙe zaune. Abin da ya faɗa ban zata ba. Ya ce, "To ai wannan ma ya ƙara sa a yanke. Manyan mutane ke shigowa falona. In rataye wannan, wani mai ido ya gano, in ce masa me?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baffa, almakashi ba ya goge ja. In ka cire ta, yatsan na nan. Sai baƙinka su ga dattijo shi kaɗai da lalle a hannu, ba mata kusa. Wannan fa, ka ce musu me?"

Daga cikin ɗaki aka yi wani tari da bai yi kama da tari ba. Sai muryar Inna, tana yi wa akuyarta magana ta ƙofa. "Ke, matsa daga nan. Ki gaya wa mutumin Takur, ni fuska ɗaya gare ni ta uwa a duniya, ita ma rabinta gara ta cinye."

Baffa bai ɗago ba. Tunda nake ban taɓa jin ta kai masa magana kusa haka ba, ina jin shi ma bai taɓa ji ba. Ya naɗe takardar da kansa, ya tashi, ya ce wa bango sai an jima. Bai ce ya fasa ba, bai ce bai fasa ba. Ni kuwa ban yarda da shirun ba, na zari mayafi na shige bayan mota ba tare da an gayyace ni ba. Ya gan ni, bai ce in fita ba.

Mai sa gilashin wani ɗan tsamurmurin mutum ne a wata rumfa kusa da kasuwa, fensir a bayan kunne. Ya buɗe takardar a kan teburinsa, ya tsotsi haƙori da ya ga hujin. Ya ɗauko doguwar rula ya ɗora a filin da ke tsakanin mutanen biyu, daidai inda Baffa ya sa yatsa ranar Laraba, ya zaro reza.

Ya ce, "Alhaji, wannan gefen ba ya gyaruwa. Daga nan zan bi, ko?"

Na buɗe baki, Baffa ya ɗaga mini hannu. Ya tsaya yana kallon takardar, har mai gilashin ya fara sauya ƙafa.

"Ɗauke rular nan daga tsakaninsu," in ji Baffa. "Auna duka."

"Har da inda gara ta ci?"

"Har da shi. Ka sa baƙin kwali a baya ya riƙe ta. In gilashinka bai kai ba, ka yanko wani."

Mutumin ya mayar da rezar aljihu, ya ciro fensirin daga bayan kunne, ya fara awo daga kafaɗar matar.